Hukuncin Karɓar Kuɗi Daga Kamfanonin Inshorar Lafiya a Kan Kwafin Fayil ɗin Majiyyaci: Nazari a Kan Ma'aikatan Sharaɗa, Challawa da Bompai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata mas'ala da ta taso sakamakon shigar inshorar lafiya cikin rayuwar ma'aikatan masana'antun Kano, wato kuɗin da asibiti kan nema daga kamfanin inshora kafin ya ba shi kwafin fayil ɗin majiyyaci ko rahoton likita. An auna mas'alar da abin da malaman fiƙihu, musamman Malikawa, suka faɗa a babukan ajiya da shaida da ijara da ciniki, tare da ƙudurorin Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da dokokin Nijeriya. Maƙalar ta gano cewa kuɗin ya halatta idan ladan wahalar kwafa ne, amma bai halatta ya zama farashin bayanin da ke cikin fayil ɗin ba, domin bayanin amanar majiyyaci ce. Wanda aka yi kwafin saboda buƙatarsa shi zai biya, kuma ba a tsayar da haƙƙin majiyyaci saboda saɓanin asibiti da kamfani.

1.0 Gabatarwa

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Daga cikin unguwannin masana'antu na Kano, uku ne suka fi shahara. Bompai ita ce babbarsu a shekaru, domin tun zamanin mulkin mallaka aka fara kafa masana'antu a cikinta. Sai Sharaɗa mai rukuni uku, sai kuma Challawa, wadda ta ci sunan kogin da take gefensa. A waɗannan wurare ake jimar fata da saƙa da sarrafa roba da matsar man girki da yin katifa da alewa. Duk da cewa masana'antu da dama sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje, har yanzu akwai ɗimbin magidanta da suke ciyar da iyalinsu daga can. Aikin kuwa ba ya rabuwa da haɗari. Inji yakan datse yatsa, sinadaran jima sukan ci fatar hannu, ƙurar auduga takan taɓa huhu, ƙarar injina kuma takan rage ji sannu a hankali.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya sami ma'aikaci, bayan magani abin da ya fi buƙata shi ne takarda, domin da ita ake tabbatar da haƙƙinsa a wurin wanda zai biya kuɗin maganin ko diyyar raunin. Takardar kuwa tana hannun asibiti, a cikin fayil ɗin da aka buɗe masa ran da ya yanki kati. Kamfanin inshora yakan ce ba zai biya ba sai ya ga abin da ke cikin fayil ɗin, asibiti kuma yakan ce ba zai fitar da kwafi ba sai an ba shi kuɗin fitarwa. To, mene ne matsayin wannan kuɗi a Shari'a? Wane ne ya kamata ya biya shi, kuma ina iyakarsa?

Mafi yawan tattaunawar da ake yi a kan inshora a zaurukan karatu takan tsaya ne a kan asalin yarjejeniyar, ko halal ce ko haram. Amma tun da tsarin ya riga ya shiga rayuwar ma'aikata, wasunsu ma ba da zaɓinsu ba, rassan mas'alar su ma suna neman amsa. Wannan maƙala ta ɗauki reshe ɗaya daga cikinsu.

2.0 Surar Mas'alar

An kafa tsarin inshorar lafiya na Nijeriya da doka mai lamba 35 ta shekarar 1999, ya kuma fara aiki a 2005. A watan Mayun 2022 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, wadda ta wajabta inshorar a kan mazauna ƙasar, har da wuraren aiki masu zaman kansu da suke da ma'aikata biyar zuwa sama. Jihar Kano kuma tun a 2016 ta yi dokar da ta kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, wato KSCHMA. Masana'antu masu zaman kansu galibi sukan yi yarjejeniya da kamfanonin da ake kira HMO, waɗanda suke karɓar gudummawa daga masana'anta su riƙa biyan asibitoci.

Biyan iri biyu ne. A ƙananan cututtuka ana ba asibiti kuɗi duk wata gwargwadon adadin mutanen da aka yi wa rajista a wurinsa, ko sun zo ko ba su zo ba. A manyan ayyuka kuwa, kamar tiyata da ganin ƙwararren likita, sai an sami izinin kamfanin, sannan asibiti ya yi aikin ya aika da lissafi. A wannan nau'i na biyu ne aka fi neman takardu.

Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF yake aiwatarwa, masu masana'antu suna zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Dokar ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai aikinsa raunin da ya samu, ta ba mai aikin kwana 7 ya kai rahoto, ta kuma sa wa'adin shekara ɗaya na shigar da neman diyya, sai fa in da uzuri na musamman. Saboda samuwar wannan asusu, tsare-tsaren inshorar lafiya galibi sukan cire raunin wurin aiki daga cikin abin da suke ɗauka.

A ƙaddara wani ma'aikacin masana'antar jimar fata a Challawa ya daɗe yana fama da gyambo a hannuwansa da tari mai tsanani. Asibitin da aka yi masa rajista ya kwantar da shi, ya yi masa magani, ya aika da lissafi. Kamfanin inshora ya ce sai ya ga fayil ɗin gaba ɗaya, domin yana zaton cutar daga wurin aiki ta samo asali, ke nan ba nauyinsa ba ce. Asibiti ya ce a biya kuɗin kwafi tukuna, kamfanin ya ce wannan ba ya cikin yarjejeniya. Ma'aikacin kuwa yana jiran izinin ganin likitan ƙirji, kuma idan ta tabbata cutar aiki ce yana buƙatar rahoto kafin wa'adin diyya ya wuce. A ƙarshe, don ya huta da zirga-zirga, sai ya ci bashi ya biya da kansa. Abin da Bahaushe yake cewa ke nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

3.0 Fayil ɗin Na Wane Ne?

Fayil abu biyu ne a haɗe. Akwai jikinsa, wato takarda da tawada da bango da kabad ko kwamfutar da aka adana shi. Wannan dukiyar asibiti ce, babu saɓani. Akwai kuma abin da yake ɗauke da shi, wato labarin jikin mutum da ɓoyayyun al'amuransa, waɗanda bai bayyana wa likita ba sai don larurar neman magani. Dangane da wannan kashi na biyu, matsayin asibiti shi ne na wanda aka bai wa ajiya, kuma aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da amanoni ga masu su. Daga cikin sharuɗɗan ingancin ciniki akwai cewa abin sayarwa ya kasance mallakar mai sayarwa ko wanda yake wakilta. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu da ma'abota Sunan suka ruwaito ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Saboda haka asibiti ba shi da ikon yanka wa bayanin majiyyaci farashi.

Wani zai iya cewa ai likita ya zuba iliminsa a cikin fayil ɗin, shi ya gano cutar ya rubuta, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a ƙudurinta mai lamba 43 da ta yi a Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin fasaha yana da ƙima ta dukiya. Amsar ita ce an riga an biya wannan ilimi a cikin kuɗin ganin likita. Rubuta abin da aka gano yana cikin abubuwan da suke bin aikin magani a al'ada, kuma sashe na 25 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya wajabta wa kowace cibiyar lafiya buɗe fayil da adana shi ga duk wanda ta duba. Aikin da aka karɓi ladansa sau ɗaya ba a sake karɓa a karo na biyu.

Kasancewar bayanin amana ne ya sa izinin majiyyaci ya rigayi maganar kuɗi. Majalisar ta yi ƙuduri mai lamba 79 a Burunai a 1993 a kan sirri a aikin likitanci, inda ta bayyana cewa asali shi ne haramcin fallasa shi, sai a wuraren da cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa, ko akwai maslahar jama'a da ta rinjaya, ko mai sirrin ya yi izini. Sashe na 26 na dokar 2014 ya zo da makamancin haka: ba a fitar da bayani sai da rubutaccen izinin majiyyaci, ko umarnin kotu ko na doka, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin da ake tsananta kariyarsa.

Ko da an sami izini, ba a wuce gwargwadon buƙata, domin ƙa'idar malamai ce cewa larura ana auna ta da gwargwadonta. Wannan yana da muhimmanci na musamman ga ma'aikacin masana'anta, saboda mai masana'antar shi ne yake biyan kamfanin inshora, shi ne abokin cinikinsa. Idan aka miƙa fayil gaba ɗaya saboda gyambon hannu, alhali a ciki akwai labarin ciwon hanta ko taɓin hankali ko wata matsala ta aure, labarin yana iya kaiwa kunnen mai aikin ya zama sanadin sallama. Biyan kuɗin kwafi, kome yawansa, ba ya halatta fitar da shafi ɗaya da bai shafi abin da ake bincike a kai ba.

4.0 Lada a Kan Kwafa: Tsakanin Marubuci da Mai Shaida

Mafi kusancin asali da za a mayar da wannan mas'ala gare shi shi ne ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, da wadda take biye da ita. A cikinsu an hana marubuci ya ƙi rubutawa, an hana masu shaida su ƙi zuwa idan an kira su, an hana ɓoye shaida, an kuma hana a cutar da marubuci ko mai shaida, ko su su cutar da wani, bisa fassarori biyu da malaman tafsiri suka yi wa lafazin. Asibiti a wannan mas'ala ya haɗa siffofin biyu: shi ya shaidi abin da ya sami majiyyaci, shi ne kuma yake rubutawa.

Malamai sun bambanta tsakanin siffofin. Game da rubutu, Imam Ƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa ya halatta a karɓi lada a kan rubuta takardar shaida, domin aiki ne da ake iya ɗaukar mutum haya a kansa. Game da bayar da shaida kuwa, Shehu Khalil ya bayyana a Mukhtasar cewa wajibi ne a kan wanda ya ɗauke ta idan nisan wurin bai wuce kamar baridi biyu ba, wato kimanin mil 24, kuma idan ya ci wani amfani a kanta adalcinsa ya sami tabo, sai dai abin hawa ga wanda tafiya a ƙasa ta yi masa wuya kuma ba shi da dabbarsa. Hikimar a fili take. Gaskiyar da mai shaida ya sani ba hajar sayarwa ba ce, amma ba a ɗora masa asarar kawo ta ba.

Idan aka ɗora mas'alarmu a kan wannan, bayanin da ke cikin fayil shi ne shaidar, kwafa shi kuwa shi ne aikin marubuci da kuɗin abin hawa. Ma'aikacin sashen adana bayanai zai bar aikinsa ya nemo fayil a cikin dubbai, ya ware shafukan da ake so, a ɗauki hotonsu da injin da yake cin takarda da tawada da man janareta, a buga hatimi, a aika. Duk wannan wahala ce sananniya mai ƙima, kuma ijara a kanta ingantacciya ce. Babin ajiya ma yana ƙarfafa haka. Khalil ya ce wanda aka bai wa ajiya ba shi da lada a kan tsare ta, amma yana da shi a kan wurin da ta cinye masa, masu sharhi kuma suka ware inda aka shardanta ladan ko al'ada ta gudana a kansa. Majallar hukunce-hukunce ta Daular Usmaniyya ta Turkiyya, a sashe na 794, ta ɗora ɗawainiyar mayar da ajiya a kan mai ajiyar.

Rahoton likita ya bambanta da kwafi. Idan aka nemi likita ya zauna ya karanta fayil, ko ya sake duba majiyyaci, ya rubuta ra'ayinsa a kan musabbabin cuta ko gwargwadon naƙasar da rauni ya jawo, wannan sabon aiki ne na ƙwarewa, kuma ladansa zai fi na kwafi. Sharaɗinsa shi ne kada ladan ya rataya a kan abin da rahoton zai ƙunsa. Da zarar an ce za a ƙara kuɗi idan rahoton ya zo yadda mai biya yake so, ya fita daga ijara ya koma sayen shaida.

Saura tambayar da ɗalibai sukan yi: ina hukuncin karɓar kuɗin idan kamfanin na inshorar kasuwanci ne? Majalisar Fiƙihu, a ƙudurinta mai lamba 9 na 1985 a Jidda, ta haramta inshorar kasuwanci saboda babban gararin da ke cikinta, ta nuna ta taimakekeniya a madadinta. A ƙuduri mai lamba 149 na 2005 a Dubai ta maimaita wannan rarrabewa a kan inshorar lafiya. Sai dai ladan asibiti a nan yana kan aikin kwafa ne, wanda halal ne a kan kansa, kuma amfaninsa yana komawa ga isar da haƙƙin majiyyaci. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayi abinci bashi a wurin wani Bayahude ya ba shi jinginar sulkensa, alhali an san dukiyarsu ba ta kuɓuta daga riba ba. Don haka abin da ya fi bayyana shi ne halaccin karɓa, tare da ƙarfafa wa masu masana'antu guiwa su nemi tsarin takaful, wanda hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013.

5.0 Wane Ne Zai Biya?

Halaccin lada bai nuna cewa kullum kamfanin inshora ne zai biya ba. Malikawa sun ce ladan mai awo yana kan mai sayarwa, domin cika mudu yana cikin miƙa abin da aka sayar. Ƙurɗubi ya kawo wannan daga Imam Malik a ƙarƙashin aya ta 88 a Suratu Yusuf, inda 'yan'uwan Annabi Yusuf suka roƙe shi ya cika musu awo. Majalla ita ma ta ɗora ladan awo a kan mai sayarwa a sashe na 289, sannan a sashe na 292 ta ɗora kuɗin rubuta takardun mallaka a kan mai saye, tun da shi yake neman su don kare kansa. Daga nan za a iya raba mas'alar gida huɗu.

Na farko, takardun da asibiti yake haɗawa da lissafinsa don a biya shi, kamar taƙaitaccen bayanin jinya da jerin magunguna da sakamakon gwaji. Waɗannan su ne awon hajarsa. Shi ne mai da'awar ya yi aiki, hujja kuwa tana kan mai da'awa kamar yadda hadisi ya tabbatar. Ƙudurin Dubai ma ya sa sharaɗin cewa abin da asibiti zai nema ya kasance a kan aikin da ya yi a zahiri. Saboda haka ba shi da damar cajin kamfani a kan waɗannan, sai idan an shardanta tun farko.

Na biyu, abin da kamfani ya nema ƙari a kan haka don buƙatar kansa, kamar binciken tsofaffin fayiloli, ko neman tabbatar da cewa cutar tana cikin waɗanda aka cire. Misalin ma'aikacin Challawa yana nan. Asali shi ne cutar wanda aka yi wa rajista tana cikin abin da aka ɗauka, wanda ya ce an cire ta shi ya zama mai da'awa, kuma shi zai ɗauki kuɗin hujjarsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na uku, bayanan da ake aika wa wani likita don ci gaba da magani. Waɗannan suna cikin maganin kansa, ba a raba su da shi, kuma ba a tsayar da su don jiran kuɗi.

Na huɗu, kwafin da majiyyaci ya nema don kansa, ko don neman diyya. A nan ajiyarsa yake karɓa, don haka mafi yawan abin da za a nema daga gare shi shi ne kuɗin takarda da bugawa. Dokar 2023 ta ba mutum haƙƙin karɓar kwafin bayanansa, ba ta yarda a ɗora masa kuɗi ba sai inda fitarwar za ta jawo wa mai riƙe da bayanan kashe kuɗi mai yawa. Idan kuwa rahoton na raunin aiki ne, ya fi dacewa mai masana'anta ya ɗauka, tun da a cikin hidimarsa raunin ya faru kuma doka ta ɗora masa kai rahoto.

Duk wannan yana aiki ne inda yarjejeniya ta yi shiru. Idan asibiti da kamfani sun rubuta wanda zai biya da adadin da za a biya, sai a bi abin da suka rubuta, bisa umarnin cika alkawura da ke farkon Suratul Ma'ida, matuƙar ba su haɗu sun juye nauyin a kan majiyyacin da bai halarci zamansu ba.

6.0 Iyakar Kuɗin

A ijara ta yau da kullum, abin da ɓangarori biyu suka yarda da shi shi ne lada, ko ya yi yawa ko kaɗan. Amma a nan babu kasuwa, domin fayil ɗin ma'aikaci yana asibiti ɗaya ne tak, ba a iya zuwa wani a taya. Alƙalin Madina Ibnu Farhun, wanda ya rasu a shekarar 799 ta Hijira, ya tattauna irin wannan hali a littafinsa Tabsiratul Hukkam, littafin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya amfana da shi a Liya'ul Hukkam da ya rubuta a nan Kano. Ya kawo cewa idan mutane ba su da makawa sai wani marubuci, ko don an keɓe masa aikin ko don babu waninsa a wurin, bai kamata ya ɗaga lada sama da abin da ya cancanta ba saboda ya san sun matsu, kuma idan ya yi haka abin ya zama tabo ga adalcinsa. Ke nan iyakar ita ce ujratul misli, wato ladan da aka saba biya a kan irin wannan aiki.

Auna shi ba shi da wuya. A duba abin da masu shagon kwafi suke karɓa a kan shafi, a ƙara lokacin ma'aikacin da ya nemo ya tantance, da kuɗin aikawa. Hoton ƙashi da makamantansa a lissafa su da kuɗin fitar da su. Inda bayanai suke a kwamfuta kuwa wahalar ta ragu, don haka ladan ma ya kamata ya ragu. Abin da ba shi da madogara shi ne a ɗaure kuɗin da girman lissafin jinya, a ce kaso kaza na abin da kamfani zai biya, domin wahalar kwafa shafi ashirin ɗaya ce ko jinyar ta dubu ce ko ta miliyan. Majalisar Fiƙihu ta bi makamanciyar wannan hanya a ƙuduri mai lamba 13 na 1986 a Amman, inda ta halatta kuɗin hidimar bashi gwargwadon abin da aka kashe a zahiri. Illar can riba ce, ta nan kuwa matsuwar mai nema ce, amma ma'aunin ya yi kama.

Kada kuma a ce ai kuɗin kamfani ne, ba na talaka ba. A tsarin takaful da na taimakekeniya, asusun na masu gudummawa ne, duk abin da aka ƙara a kan haƙƙi daga albashin leburori aka ciro shi. A tsarin kasuwanci ma, kamfani yakan mayar da abin da ya kashe cikin gudummawar shekara mai zuwa.

Hukuma tana da damar ƙayyade wannan kuɗi. Ibnu Taimiyya a littafinsa na Hisba da Ibnul Ƙayyim a Ɗuruƙul Hukmiyya sun bayyana cewa idan jama'a suka buƙaci wata sana'a da take hannun wasu keɓaɓɓu, shugaba yana iya tilasta musu yin ta a kan ladan da aka saba. Wasu ƙasashe sun riga sun yi haka. A Amurka, ƙa'idojin da aka gina a kan dokar HIPAA ta 1996 sun taƙaita abin da za a karɓa daga majiyyaci a kan aikin kwafa da kayan aiki da kuɗin aikawa, amma a Janairun 2020 wata kotun tarayya, a ƙarar da kamfanin Ciox Health ya shigar, ta yanke cewa wannan rangwame bai shafi kwafin da za a aika wa wani na uku ba. A Ingila, dokar 1988 ta ba mutum damar ganin rahoton da likitansa ya rubuta wa kamfanin inshora kafin a aika, kuma tun Mayun 2018 majiyyaci yana karɓar kwafin fayil ɗinsa kyauta a galibin halaye, kamfani kuwa yana biyan kuɗin rahoto. Dukansu sun bambanta majiyyaci da wanda ba shi ba, kamar yadda aka rarrabe a sama.

7.0 Abubuwan da Ba Su Halatta Ba

Bai halatta asibiti ya riƙe fayil a matsayin garkuwa ba saboda bashin da yake bin kamfanin inshora. Mai sana'a yana iya riƙe kayan wanda ya sa shi aiki har ya biya, amma a nan wanda ake bi daban, wanda riƙewar take cutarwa daban. Idan riƙewar ta sa wa'adin diyya ya wuce ko cuta ta ƙaru, an faɗa cikin hanin cutarwa da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, da hanin ɓoye shaida.

Haka nan bai halatta kamfani ya mayar da neman takardu hanyar jan ƙafa ba, yau a kawo wannan, gobe a kawo wancan, alhali manufar ita ce jinkirta biya. Hadisi ingantacce ya siffanta jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ake bin sa da zalunci, kuma sau da yawa wannan jinkiri ne yake tura asibitoci su nemi fanshewa ta hanyar tsawwala kuɗin takardu.

Sai kuma na goro da ma'aikacin sashen fayil zai karɓa a aljihunsa don ya hanzarta. Shi mai albashi ne a kan wannan aiki, kuma ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware abin da aka ba shi kyauta, ta isa hujja a kan haramcinsa. Kuɗin kwafi na halal shi ne wanda aka sanar da adadinsa, aka biya a asusun asibiti, aka ba da rasit.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa asibiti yana da haƙƙin karɓar ladan kwafa daga kamfanin inshora bisa sharuɗɗa huɗu: majiyyaci ya yi izini kuma a tsaya a kan shafukan da ake buƙata, kwafin ya kasance don buƙatar kamfanin, ba hujjar lissafin asibitin ba, kuɗin kada ya wuce ladan da aka saba, sannan kada a tsayar da magani ko diyya saboda shi.

Maƙalar tana ba da shawara ga hukumomin NHIA da KSCHMA su fitar da ƙayyadadden farashin kwafi da na rahoto tare da wa'adin bayarwa, a liƙa a inda majiyyata suke gani. Masu masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai su tabbatar an rubuta wanda zai ɗauki wannan kuɗi a cikin yarjejeniyarsu da kamfanonin inshora, ƙungiyoyin ma'aikata kuma su nemi ganin wannan sharaɗi kafin a sanya hannu. Limaman masallatan da suke cikin waɗannan unguwanni da kewayensu su sanar da ma'aikata wa'adin kwana 14 da na shekara ɗaya, domin jahiltar su yana iya jawo asarar haƙƙi. Ɗalibai masu bincike kuma suna da fili a kan hukuncin bayanan lafiyar mamaci, da wanda yake da ikon ba da izinin fitar da su a cikin magadansa.

Allah ne Mafi sani.